Wane Tsohon Tsarin Malam Yake So Mu Koma?

Kwanakin baya na karanta rubutun wani dattijo da nake ganin girmansa, tsohon malamin wata sakandaren gwamnatin tarayya, wanda ya shaƙi ƙurar alli shekara 35 cif kafin ya ajiye aiki. Cikin ɓacin rai ya yi rubutun, kuma duk wanda ya taɓa raka ɗan fansho ofis ya san ɓacin ran nan da dalilinsa. Buƙatarsa guda ce: a rushe fanshon adashin gata da aka shigo da shi a 2004, a mayar da kowane ma'aikaci kan tsohon tsari, inda gwamnati ke ɗaukar nauyin mutum daga ranar ritaya har ranar da za a kai shi makwancinsa.

Bari in fara da jero hujjojinsa yadda ya kawo su, kada a ce na sare masa ƙafa kafin mu shiga fage. Malam ya ce a da ba a taɓa ko kwabo a albashin ma'aikaci, amma ranar da ya bar aiki akwai garatuti mai tsoka da zai gina gida ko ya ja jari, ga kuma fansho duk wata muddin rai. Yanzu kuwa, in ji shi, a yi ta yankar albashinka shekara da shekaru, in ka gama a miƙo maka abin da bai kai cefanen mako biyu ba. Ya ce kamfanonin fansho sun tara tiriliyoyi suna juyawa, gwamnati na ranta tana facaka, mai kuɗin kuwa na tsugune a ƙofar gida yana lissafin kuɗin magani. Ya ce in da gaske kuɗin nasa ne, to a ba shi duka mana, ya san yadda zai yi da abinsa. Ya ɗan taɓo batun kuɗin ruwa. Sai ya rufe da tambayar da yake ganin ba ta da amsa: in tsarin na da kyau, me ya sa sojoji suka fice, me ya sa ma'aikatan Majalisar Tarayya suka fice, me ya sa 'yan sanda ke zanga-zanga a fitar da su?

Allah ya gafarta Malam, ba na musun raɗaɗin da kake ji, ko kaɗan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda muka raba hanya shi ne wajen gano wanda ya huda rufin, da kuma irin ɗakin da kake so mu kwashi kayanmu mu koma.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. To mu dubi barar nan da kyau. A rubuce, tsohon tsarin ya yi kyau har ya gaji. Dokar soja mai lamba 102 ta 1979 ce ginshiƙinsa, tare da gyare-gyaren da suka biyo baya. Wanda ya yi shekara biyar a bakin aiki ya cancanci garatuti. Wanda ya kai shekara goma ya cancanci fansho, farawa daga kashi 30 cikin ɗari na albashinsa na ƙarshe, duk shekarar da ya ƙara a ƙara masa kashi biyu, har in ya cika 35 ya tashi da kashi 80, ga garatuti na albashin shekara uku a dunƙule. Wa zai ƙi wannan? Ni ma da za a rantse mini za a biya, gobe da asuba zan bi bayan Malam. Tambayar da Malam bai yi ba ita ce, daga wace tukunya ake ɗibar kuɗin? Babu tukunya. Ba a ajiye sisi da sunan kowa. Duk shekara a rubuta wani adadi a kasafin kuɗi, in man fetur ya yi daraja kuma mai mulki ya ga dama a saki, in ba haka ba tsofaffi su jira baɗi. Da aka zauna lissafi a zamanin Obasanjo gab da kafa dokar 2004, an ƙiyasta bashin fanshon da ke wuyan gwamnati ya haura naira tiriliyan biyu, a lokacin da kasafin kuɗin tarayya na shekara guda gaba ɗayansa bai kai haka ba.

Ina da kawu, Allah ya jiƙansa, da ya yi ritaya daga wata hukumar tarayya a ƙarshen shekarun 1990. Na fi tuna shi da wata tsohuwar jakar fata mai ɓallallen zik, wadda yake ɗaurewa da kyauron roba. A cikinta akwai takardar ɗaukar aiki, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da ta ritaya, da hotunan fasfo da suka fara kodewa. Da an yi shelar tantancewa a rediyo sai ya ranci kuɗin mota ya kama hanya. Ya kwana a barandar masallaci, ya kama layi tun kafin a kira salla, duk don ya tabbatar wa wani yaro sa'an ɗansa cewa shi ne, kuma har yanzu yana numfashi. Wata tafiyar ya dawo ya ba mu labarin wani tsoho da ya yanke jiki ya faɗi a gabansa, aka ɗauke shi, layin ya matsa. Bai ba da labarin da mamaki ba, kamar yadda ake ba da labarin ruwan sama ya ba da shi. Kawu ya koma ga Mahaliccinsa yana bin bashin watanni masu yawa, kuma jakar na nan a ɗakin matarsa, an rasa wanda zai iya jefar da ita. Wanda ke ganin na kawo labarin gida ne kawai, ya tambayi tsofaffin ma'aikatan kamfanin jiragen sama na Nigeria Airways. An rufe shi a 2003, amma har 2018 matuƙa jirgi da injiniyoyi masu furfura na ta fafutukar ragowar haƙƙinsu, da yawa ba su ga ranar biya ba.

Malam ya yi maganar cin kuɗin 'yan fansho. Madalla da ya tayar da zancen, domin sai mu tambaya, a wane ɗaki aka yi cin? John Yakubu Yusuf babban jami'i ne a ofishin fanshon 'yan sanda, ofishin da ke riƙe da kuɗin waɗanda ke kan tsohon tsari. A Janairun 2013 kotu ta same shi da laifi a badaƙalar biliyoyin naira, ta ba shi zaɓin ɗaurin shekara biyu ko tarar naira dubu 750. Ya biya ya kama gabansa. Sai a 2018 kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da hukuncin ɗaurin shekara shida da tarar naira biliyan 22.9. Abdulrasheed Maina kuwa an naɗa shi ne ya share 'yan fanshon bogi daga wannan tsohon tsarin dai. Ƙarshenta sai daga Jamhuriyar Nijar aka kamo shi bayan ya tsere, a Nuwamban 2021 aka yanke masa shekara takwas kan halasta kuɗin haram da suka kai naira biliyan biyu. Duka biyun sun faru bayan 2004, gaskiya ne, amma a ragowar tsohon gida suka faru, inda kuɗi ke zube a wuri guda ba suna, jami'i ɗaya na iya ƙirƙiro matattu ya riƙa karɓar musu. Saboda irin wannan ɓarna ce aka kafa hukumar PTAD a 2013 don ta tattara 'yan tsohon tsarin a ƙarƙashin inuwa guda. Wannan rumbun ne Malam ke so mu mayar da hatsinmu, bayan mun ga ɓerayen da idonmu?

Yanzu ga yadda sabon yake, don da yawa daga masu tsine masa ba su taɓa zama an warware musu shi ba. Ma'aikaci na buɗe asusu da sunansa a kamfanin fanshon da ya zaɓa, da lambar da ba ta canzawa ko ya canza wurin aiki. Dokar 2004 ta ce a cire kashi 7.5 a albashinsa, mai ɗaukarsa aiki ya ɗora kashi 7.5. Dokar 2014 da Jonathan ya sa wa hannu ta ɗaga abin zuwa kashi 8 daga ma'aikaci, kashi 10 daga wanda yake wa aiki. Mai albashin dubu ɗari ke nan ana cire masa dubu takwas, a ɗora masa dubu goma, dubu goma sha takwas su faɗa asusunsa duk wata. Malam ya ga dubu takwas ɗin da aka yanka, bai ambaci dubu goman da aka ɗora ba. Kamfanin fanshon kuma ba ya riƙe kuɗin a hannunsa. Shi nasa tsara inda za a zuba jari, kuɗin kuwa na wurin wani kamfanin ajiya daban, hukumar PenCom na sa ido a kan su biyun. Tun Nuwamban 2020 wanda kamfaninsa ya gundure shi na iya komawa wani, sau ɗaya a shekara. Mutum na fara cin kuɗin in ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50, sai fa in rashin lafiya ce ta fitar da shi. Wanda ya rasa aiki kafin nan, in ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25. In ya rasu a bakin aiki, akwai inshorar rai ta aƙalla albashin shekara uku da doka ta ɗora wa mai ɗaukar aiki, abin da ke asusun kuma ya zama gado. A tsohon tsari, wanda ya wuce shekara biyar yana cin fansho ya rasu, fanshon ya bi shi kabari.

Ban ce kamfanonin nan waliyyai ba ne. Suna yankar ladansu, wasu ofisoshinsu in ka shiga da 'yar hularka ta tsufa sai a bar ka a benci har azahar, kuma ribar da suke samo wa asusu ta sha kasa cim ma tsadar kaya. Batun rancen gwamnati ma gaskiya ne. Dukiyar fansho ta haura naira tiriliyan 20 a 2024, kuma fiye da kashi 60 nata na cikin takardun lamunin gwamnatin tarayya. Ni ma abin na damuna. Amma a nan ne hujjar Malam ta ci karo da kanta. Yana tsoron gwamnati ta ranci kuɗinsa da takarda, da ranar biya, da riba a rubuce, rancen da in ta saɓa shi bankuna da kasuwar duniya za su yi mata ca. Maganin da ya kawo kuwa shi ne a miƙa mata tsufansa gaba ɗaya ba takarda ba shaida, sai alkawarin baka a kasafin kuɗi. Wanda ya ƙi bai wa kura aron ƙashi, shi ne zai ba ta ajiyar akuya?

Sai mu zo kan abin da ya fi ci wa Malam tuwo a ƙwarya, wato jinkiri da ƙanƙantar abin da ya samu. A nan nake so ya ɗan ba ni kunnensa, don labarinsa da kansa shi ne babbar hujjata. Ya ce ya kama aiki a tsakiyar shekarun 1980, ya kuma yi fiye da shekara bayan ritaya bai ga ko sisi ba. To kusan shekara ashirin na aikinsa a tsohon tsari ya yi su. Da aka sauya doka, gwamnati ta lissafa haƙƙin waɗannan shekarun ta ce bashi ne a kanta, za ta riƙa ware kashi biyar na jimillar albashin ma'aikatanta duk wata a wani asusu a Babban Bankin Nijeriya, in mutum ya yi ritaya a zuba masa nasa a asusunsa. Kamfanin fansho ba zai iya lissafa abin da zai riƙa biyan mutum ba sai wannan kason ya iso. Kason da aka tara tun 2004 na nan a ajiye, Malam na iya ganinsa a wayarsa tun ranar da ya bar aji. Kason da ya maƙale, wanda ya sa shi zaman jira, shi ne na tsohon tsari, wanda ya dogara da gwamnati ta saki kuɗi. Malam ya ɗanɗani rabin tsohon tsarin ke nan ya ji yadda yake, amma ya juyo yana neman a ƙaro masa sauran rabin. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Ba a nan kaɗai gwamnati ta saɓa ba. Bayan dokar 2014 ta ce kashi 10, gwamnatin tarayya da kanta ta ci gaba da zuba 7.5 na tsawon shekaru, sai a 2021 aka amince a biya giɓin kashi 2.5. Doka ta ce a tura kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, wanda ya saɓa a ci shi tarar aƙalla kashi biyu duk wata. Wa ya ci gwamnati tara? A Fabrairun 2025 Majalisar Zartarwa ta amince a fitar da takardun lamuni na naira biliyan 758 don biyan basussukan da suka taru a wannan tsarin, kuma kaso mafi girma na ƙarin fansho ne da ya kamata a riƙa yi tun 2007. Wato da bakinta ta amsa cewa ita ce ta riƙe. Dokar ta kuma tanadi mafi ƙarancin fansho a sashe na 84, da asusun kariya da za a riƙa zuba wa kashi ɗaya na jimillar albashin ma'aikatan tarayya, amma aka shafe fiye da shekara goma abin na kwance a takarda.

Ƙanƙantar kuɗin kuwa lissafi ne da ɗan aji uku zai iya. A 2004 albashi mafi ƙanƙanta a tarayya naira 7,500 ne. Kashi 15 nasa, ko da an lissafa da albashin duka, naira 1,125 ke nan a wata. Ya koma 18,000 a 2011, 30,000 a 2019, 70,000 a 2024. Wanda aka yi wa tari da cokali ba zai kwasa da ludayi ba. Ƙaramin albashi ne ya haifi ƙaramin fansho, hauhawar farashi kuma ta zo ta lashe ɗan abin da ya taru, don a Disamban 2024 ta kai kashi 34.8. Wannan ita ce hujjar Malam mafi ƙarfi, da ma a kanta ya tsaya. Sai dai tsohon tsari bai tsira daga wannan wutar ba. Sashe na 173 na kundin tsarin mulkin 1999, da takwaransa na 210 a jihohi, sun ce a sake duba fansho duk shekara biyar ko duk sanda aka ƙara albashi. Duk da haka akwai 'yan tsohon tsari a jihohi da har kwanan nan abin da ke shigo musu a wata bai kai naira dubu biyar ba. Kundin tsarin mulki ne fa, ba sanarwar ofis ba. Kuma a tuna, wanda ya kama aiki a 2004 sai 2039 zai cika shekara 35. Har yau ba mu ga ko mutum ɗaya da ya cika shekara 35 daga fari zuwa ƙarshe a wannan tsarin ba, amma an riga an yi masa salla.

Batun a ba ni kuɗina duka, na fahimce shi, kuma ina ganin ƙa'idar ta yi tsauri. Yanzu ana ba mutum wani kaso a dunƙule, galibi daga kashi 25, saura ya zaɓa ko kamfanin fansho ya riƙa tsakuro masa duk wata, ko ya sayi inshorar da za ta biya shi muddin rai. Da ni ake shawara, da an sassauta wa mai rashin lafiya da wanda bai da muhalli. Amma duka? Malam ya fi ni sanin abokan aikinsa da garatutinsu ya tafi a motar haya da ta kwanta a gareji, ko a amarya, ko a hannun ɗan da ya ce zai juya a kasuwa, ko a MMM da ta cinye mutane a 2016. Ba wauta ba ce, dattijon da ya karɓi miliyoyi a unguwarmu dangi ne ke yi masa layi, kuma kunya ba ta barinsa ya ce babu. Ƙasar Chile, wadda daga wurinta aka kwaikwayo wannan tsarin, ta gwada buɗe ƙofa a lokacin korona. Sau uku tsakanin 2020 da 2021 aka bar mutane su ɗiba, aka kwashe kusan dala biliyan 50, miliyoyin asusu suka koma fanko. Batun kuɗin ruwa kuwa an riga an sama masa hanya. Tun 2021 akwai Asusu na Shida, wanda ba a zuba shi sai a harkokin da ba kuɗin ruwa a ciki irin su sukuk, kuma mai so na iya neman a mayar da shi can.

Yanzu ga tambayar da Malam ya ce ba ta da amsa. Su wa suka fice? Alƙalan manyan kotuna tun farko ba su shiga ba, kundin tsarin mulki ya ware su. Sojoji da jami'an leƙen asiri an cire su a 2011. Ma'aikatan Majalisar Tarayya an yi musu tasu hukumar fanshon a 2023. Farfesoshi da manyan sakatarori an tanadar musu cikakken albashi bayan ritaya. Malam ya dubi jerin nan da kyau, ya gaya mini abin da ya haɗa su. Mai bindiga, da mai yanke hukunci, da wanda ke zaune kusa da masu rubuta kasafin kuɗi. Sun fice ne don sun san ko baitulmali ya ƙafe, su za a fara shayarwa. Gwamnoni ma ai sun yi wa kansu. Legas ta yi dokar fanshon tsofaffin gwamnoni a 2007, jihohi da dama ma suka yi irin tasu, har a Zamfara tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a biya shi naira miliyan goma ta kula da kai da doka ta ba shi duk wata, abin da ya sa majalisar jihar ta soke dokar a Nuwamban 2019. Shekara takwas ta ishi gwamna, malami kuwa sai 35, ko 40 bisa dokar 2022 da ta ƙara wa malamai wa'adi. To ranar da kowa ya koma ga baitulmali guda, aka kafa layi, a ina Malam yake zaton za a tsayar da malamin makaranta, da masinja, da ungozomar asibitin ƙauye? Gaban janar ko bayan alƙali? Layin kawuna ne zai dawo, da barandar masallacinsa.

'Yan sanda na da gaskiya a kukansu. Na ga hotunan tsofaffinsu a titin Abuja a Yulin 2025 ban ji daɗi ba. Amma albashin kurtu ne ciwon, kuma sashe na 4 na dokar 2014 ya bar wa duk mai ɗaukar aiki damar ƙara wa ma'aikacinsa wani abu ranar ritaya, ko ya ɗauke masa nauyin zubin gaba ɗaya. Garatutin da Malam ke kewa ba dokar ce ta haramta shi ba. Ana iya biyansa a cikin tsarin ba tare da an fasa asusun kowa ba.

Wanda ke son gwaji a kusa ya dubi Kano da Jigawa. Su biyun ba su bi na tarayya sak ba, sun ɗauki tsari mai kama da juna, ma'aikaci ya zuba, gwamnati ta zuba, kuɗin ya taru a asusu guda na jiha, a biya mutum garatuti da fansho bisa albashinsa na ƙarshe. Kusan abin da Malam ke mafarki ke nan. Jigawa ta yi suna wajen biya a kan kari. Kano kuwa, gwamnatin da ta hau a 2023 ta ce ta tarar da bashin garatuti da haƙƙin mamata da ya haura naira biliyan 48, ta shiga biya kashi-kashi. Maƙwabta, harshe ɗaya, tsari kusan ɗaya. Abin da ya raba su shi ne ko an zuba kuɗin a kan lokaci, da ko an bar hannu ya shiga tukunyar. Ni dai tunda ba ni da tabbacin irin gwamnan da zan wayi gari da shi nan da shekara ashirin, na fi son abin da ke rubuce da sunana.

Akwai kuma mutanen da rubutun Malam bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Asusun fansho da aka buɗe a ƙasar nan sun ɗan haura miliyan goma, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan ɗari biyu. Dokar ta wajabta tsarin ga ma'aikatan tarayya da kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama, jihohi kuwa sai wadda ta yi tata dokar, kamar yadda Kaduna ta fara a 2017. Manomin Bakori, da mai shayin Sabon Gari, da mai ƙosai, da ɗan acaɓa, ba su da kaso a tsohon tsari, ba su taɓa samu ba, amma daga baitulmalin da su ma suke da haƙƙi a ciki za a riƙa biyan kashi 80 ɗin. Sabon ne ya buɗe musu 'yar ƙofa a Maris na 2019 da ƙaramin fansho na masu sana'ar kansu, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa. Bai karɓu yadda ya kamata ba, kuma wanda bai ci ya ƙoshi ba ba ya tari. Amma ma'aikacin kamfani mai zaman kansa, wanda a da ake sallama da agogon bango da addu'a, yau yana da asusu. In aka rushe, shi ina za shi?

Matsayina bai canza ba. A bar tsarin, a matsa wa wanda ke saɓa shi. A biya haƙƙin shekarun baya kafin mutum ya bar ofis, tunda ranar ritayar kowa sananniya ce tun ranar da ya kama aiki. Mafi ƙarancin fansho ya kankama, kuma ya riƙa tafiya da albashi mafi ƙanƙanta. A ɗora garatuti a kai. Gwamnan da ya yanki kuɗin ma'aikaci bai tura ba a kira abin da sunansa a gaban kotu. A rufe ƙofar ficewa, domin ranar da tsufan manya ya rataya a kan asusu ɗaya da na ƙanana, ranar za a ga gyara cikin gaggawa. In Malam zai sake ɗaukar alƙalami ya rubuta wa majalisa takarda a kan waɗannan, sunana ne zai biyo bayan nasa, kuɗin motar zuwa Abuja kuma a kaina.